Ranar da Muka Yi Feshin Wake, Ni da Ishaku

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu, mai riƙe da numfashin kowa. Ni ne Ayuba. Kun san na daɗe ban tako cocin nan ba, yau za ku ji dalili.

A shekarar da tsada ta kai mu bango, ni da ƙanena Ishaku muka shuka wake a gonarmu ta gado, can bayan Tsanyawa. Tsutsa ta faɗa masa. Maganin feshi na kirki ya fi ƙarfinmu, sai muka sayi na tsiyaye a kasuwa, wanda ake zubawa a gorar ruwa, ba suna ba komai. Muka yi ta feshi cikin rana, iska na dawo mana da shi a fuska. Can sai yawu ya fara dalala daga bakina, ƙirjina ya ɗaure, na ga Ishaku ya faɗi. Daga nan ban ƙara sanin inda kaina yake ba.

Sauran labarin, matata Rahila ce ta ba ni. Jama'a suka taru, kowa ya zama likita. Wannan ya ce man ja, wancan ya ce nono. Aka buɗe mana baki da cokali, ana ɗurawa. Motar kasuwa aka samu, ba wuri. Ishaku shi ne auta, Inna ta kwantar da shi rigingine a cinyarta, tana kiran sunansa, tana ƙara masa man ja. Ni kuwa aka cusa ni baya tsakanin buhuna, a kan gefena, kamar kayan da za a kai kasuwar Dawanau.

A asibiti muka tarar da wata nas, Musulma ce, ko sunanta ban riƙe ba. 'Yan rakiya na ta ihu a yi mana ƙarin ruwa. Ita bakinmu ta fara dubawa. Ta ɗaga haɓata, ta kasa kunne ga numfashina, ta zura roba ta zuƙe mai da amai daga maƙogwarona. Ba wuta, tukunyar oksijin kuma wayam. Ta kifa mini abin rufe hanci da baki, tana matsa jakar iska da hannunta, har allurar kashe dafin ta kama ni. Rahila ta ce matar ba ta saki jakar ba ko sau ɗaya.

Ishaku tun a hanya ya cika.

Da na farfaɗo na tambaye ta, "Sista, magani ɗaya muka shaƙa. Me ya sa ni na tashi?"

Ta ce, "Malam Ayuba, rai na Allah ne. Amma wanda ya suma ba ya iya haɗiya, abin da aka zuba masa huhu yake tafiya. Kai kwanciyar gefe ce ta sa komai ya zubo waje."

Wayyo! Wanda aka rungume ya tafi, wanda aka jefa cikin buhuna ya rayu! Na ji haushin mai sayar da maganin, da masu ɗura, da tsadar da ta kai mu ga gorar nan. Ba zan ɓoye muku ba, har Allah na ji haushinsa. Ana cewa in zo in yi godiya, ni kuwa ina cewa godiyar me?

Wata rana ina cirar ciyawa a daidai inda ya faɗi, na durƙusa na ce, "Ubangiji, ba ni da abin faɗa maka. Numfashin nan naka ne, ban san me zan yi da shi ba." Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. A nan ƙullin ƙirjina ya fara kwancewa.

Inna takan ce, "Na gode Allah, a hannuna yarona ya cika." Ban taɓa faɗa mata maganar nas ɗin ba. Watan jiya muka binne Inna, shi ya sa yau bakina ya buɗe.

Na gode wa Yesu, ko da yake godiyar tana fitowa da ɗaci. Ku dogara gare shi, yana jin addu'ar mai fushi ma. Kuma don Allah, in naku ya suma, kada ku zuba masa komai a baki. Ku juya shi gefe, ku ruga asibiti. Da wani ya faɗa wa Inna haka, wataƙila da mu biyu ne a gabanku yau. Amin.