Maƙwabcin Gadona, Ɗan Birazil

Assalamu alaikum mai gabatar da wannan shiri na rediyo. Ni ne Idi, tsohon soja, daga Dogo-Dogo.

Lokacin da nake kwance asibiti a Faransa, maƙwabcin gadona ɗan ƙwallo ne daga Birazil, baƙar fata kamarmu. Da ƙwallon tsumma ya fara, ba takalmi, har Turawa suka ɗauko shi, ya yi musu wasa shekara tara. Aka karya masa gwiwa a fili, ciwon ya ruɓe, likita ya yanke ƙafar. Ba wanda ya zo duba shi, ni nake miƙa masa ruwa. Wata rana ya ce, "Idi, har yanzu ƙafar tana mini ƙaiƙayi."

Makon jiya wasiƙar uwarsa ta iso, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta mini. Ta ce ɗan nata ya rasu bai koma gida ba. Tana roƙon in faɗa mata yadda ya zauna a asibitin. Na saurara, na koma gonar gyaɗa. Ban yi kuka ba, ban ji komai a raina ba.

Jama'a, me zan rubuta wa tsohuwar nan? Gaskiya, ko abin da zai kwantar mata da hankali? Ina gaida tsofaffin sojojin Magarya.