Makanikin da Ya Riƙe Mini Makulli

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Garba mai lambu daga Walia.

Da a-kori-kura nake jan tirelar tankin ruwa. Da na sayi babban tanki sai mota ta fara nishi. Na kai wa makanikina, Usta Mahamat na Sabangali, ya sauya haƙoran giya don ta samu ƙarfin ja. Ya sauya, sannan ya jefa makullina a aljihu.

Ya ce, "Malam Garba, na koya mata ja, ban koya mata tsayawa ba. Ba makulli sai an sa babban birki, har a tirelar."

Na yi ta faɗa, na ce cuta ce. Na yarda bisa dole aka sa birkin, amma wata biyu ko gaisuwa na hana shi.

Ranar Talata ina gangarowa daga gada, tanki cike, sai mai babur ya faɗi a gabana da mace mai goyo. Na taka birki. Nauyin ruwa ya turo ni, amma mota ta tsaya cak, taku biyu tsakanin taya da kan jaririn.

Usta, na san rediyon garejinka a kunne take. Shukran, na gode, ka yafe mini. Jaririn nan bai san sunanka ba, amma ni na sani.