Ya Faɗo Daga Lori, Ko Ƙwarzane Babu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da kai da masu sauraro. Ni ce Hawwa daga Hawata.

Kakar bara mijina Usman ya tafi yankan riɗi a wata babbar gona kusa da Gadarif. A hanya lorin da ya ɗauko ma'aikata ya faɗa rami, Usman ya wuntsilo daga sama. Abokan aikinsa suka duba shi, babu jini, babu karaya. Wakilin gona ya ce, "Suma ce kawai, ku yayyafa masa ruwa." Suka kwantar da shi a inuwa suka shiga yanka, domin riɗi in ya nuna ba ya jira, zubewa yake yi. Da suka tashi aiki, yana nan yadda suka bar shi.

Da aka kai shi mustashfa, wato asibiti, hoton farko da aka ɗauka na kansa bai nuna komai ba. Amma likita ya ce min, "Hawwa, kin san yadda ake kakkaɓe damin riɗi? Karan yana nan, ƙwayar ta zube. Ƙwaƙwalwarsa ce ta girgizu cikin ƙoƙon kai, siraran jijiyoyinta suka tsittsinke ta ko'ina."

Usman ya yi makonni kafin ya farfaɗo. Yanzu yana tafiya, yana cin abinci, amma in ya ɗauki buta sai ya tsaya yana kallonta, ya manta abin da zai yi da ita. Maƙwabta kuwa cewa suke, ƙato lafiyayye ya kwanta mace na ciyar da shi.

Jama'a, ku ba ni shawara. In sun ce in nuna musu ciwon, ina zan nuna?