Tallan Caca a Zauren 'Yan Gem

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Wasiƙa ce daga Alhaji Babba, shugaban iyayen yara na Tarauni da kewaye.

Yaranmu suna da zaure a waya inda suke buga gem ɗin ƙwallo. Wani baƙo ya shiga yana wasa da su, har suna kiransa Oga. Rannan sai ya ce wa wani shaƙiyyin yaro ɗan Gyaɗi-Gyaɗi, "Tura wa abokanka hoton nan, in buɗe maka sababbin 'yan wasa kyauta." Yaron nan makarantar allo kawai ya yi, ba ya jin Turanci. Ƙwallo ya gani a hoton, ya tura.

Ashe tallan caca ne. Amininsa Sadiku ya danna ya shiga, mahaifinsa ya gani a wayarsa. Yanzu ko gaisawa an hana su.

Iyaye, ku riƙa tambayar wane ne Oga a zauren 'ya'yanku.

Malam, gaskiya babu wani Alhaji. Ni ne Habu, ni na tura hoton. Na san baban Sadiku ba ya fashin jin shirin nan. Baba, wallahi ban san caca ba ce. In na zo ƙofar gida, za ka saurare ni?