Awa Biyar a Garin Masu Shanya Kifi

Lokacin da na tafi Landan kuɗin mai ya fara shigowa, kowa ka taɓa sai ya ce gwamnati ce ta tura shi. Ni kam keken ɗinkin Inna aka sayar, Kawu Sule ya cika sauran. Ke Sadiya, ajiye tsintsiyar nan ki zauna, ba kullum nake da bakin ba da labari ba.

Aikin sakatare na je koyo, in kuma nemi na kaina. Na kama ɗaki a Lewisham, mu Lawisham muke cewa, sai ka ce sunan wani malamin unguwa. Mai gidan tsohuwar Baturiya ce. Ran da na fara kaɗa miyar kuka ta hawo bene tana toshe hanci.

"Me ya mutu a ɗakin nan?"

"Daddawa ce, Madam."

"To, a fitar da ita a binne."

Da aka yi hutun bazara sai wata Ayishetu ta samo mini aiki. 'Yar zangon Kumasi ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, Hausarta kuwa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Wanki da guga muke yi a jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa, wanda ke tashi daga Tilbury ya nufi arewa, ƙasar Norway. Fasinjoji suna sama suna shan iska, mu muna can ƙasa cikin tururi. Fasfo ɗinmu duka yana kulle a ofishin jirgi.

A rana ta shida muka tsaya a wani ɗan gari a gindin duwatsu, aka ce yau ni ce mai hutu daga ƙarfe biyu. Shugabarmu, Misis Dobs, ta tare ni a ƙofa.

"Ƙarfe bakwai ake janye tsani. Jirgi ba ya jiran mai wanki. In ya tafi, da fasfonki zai tafi, da aikinki."

Agogona tururi ya kashe shi tun makon farko. Ayishetu ta kwance nata. "Kai Binta, ka karɓi wannan."

Na ce ta bar shi. Ni da na tashi a gidan da Baba ke duban inuwar katanga ya ce azahar ta yi? Har lissafi na yi, kun san halina. Na san rana kan yi jinkiri a Landan da bazara, sai na yi mata ragin awa guda: da na ga la'asar ta yi sosai, in juyo.

Garin nan, wallahi har yau ina ganinsa. Gidajen katako ne, wani ja wani ɗorawa, hanya tas kamar an wanke. Ga ƙanƙara a kan duwatsu, a watan Yuni fa. Na bi bakin ruwa, ina bin wani ƙarni, sai ga rumfuna dogaye kamar na kasuwa, kifi rataye bibbiyu, ya bushe kamar itace. Ba gishiri, ba hayaƙi, kuma ko ƙuda ɗaya babu. Ko ɗaya, Sadiya! Na tsaya na duba da kyau.

Wani tsoho yana sauke su, ya tambaye ni da ɗan Turancinsa daga ina nake. Da na ce Najeriya sai ya cire lofe daga baki, ya nuna kifin, ya nuna ni, ya ce, "Legas!" Ashe kifin nan da Inyamurai ke sayarwa a Sabon Gari daga irin wurin nan yake fitowa. Ya ja ni gidansa kamar ya ga 'yar ƙanensa. Matarsa ta ba ni kofi da wata waina mai gida-gida, da cuku mai zaƙi kamar alewar madara. Wata takwas ina ƙasar Turawa, ranar ce farkon da wani ya ce mini shigo ki zauna.

Daga nan na hau tudu. Na yi alwala a wani ɗan rafi, sanyinsa har cikin haƙori, na yi la'asar a kan ciyawa. Da na gangaro na ga agogon cocinsu ya nuna bakwai saura kwata. Na ɗaga kai, rana tana nan ɗoɗar, ko ja ba ta fara ba. Na ce a raina, ashe su ma agogon gari yakan mace musu. Na ci gaba da leƙen tagar wani shagon ulu.

Sai jirgi ya yi kuka. Ashe agogon lafiyarsa lau, ranar ƙasar ce ba ta son faɗuwa da bazara.

Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Na gangara a guje, ɗankwali a hannu, ina tunanin wa zan gaya wa sunana a garin nan, da wace takarda. Da na iso bakin ruwa, an kwance igiya ɗaya, amma tsani yana nan. A tsakiyarsa Ayishetu ce zaune daram, da kwandon zannuwan gado a cinya, ma'aikata biyu suna kanta.

"Ƙafata ya riƙe, Ofisa! Ka taɓa ni, in faɗa ruwa, ka amsa!"

Tana hango ni ta miƙe garau, ta ɗauki kwandonta. Ta ce, "Kai, shegen yaro, wuce ciki."

Misis Dobs ba ta kore mu ba, zannuwa sun yi yawa. Amma ta ce daga ni har Ayishetu ba mai sake taka ƙasa sai Tilbury, kuma haka aka yi har bazarar ta ƙare. Duk garin da aka tsaya, sai mu yi karɓa-karɓa a wata 'yar taga mai zagaye kusa da ɗakin guga. In na ba Ayishetu haƙuri sai ta ce, "Kai dai ka ga gari, ni na ga wanki. Miƙo sabulu."

Bayan shekara uku na dawo gida da satifiket da tafireta. Mutane suka yi ta cewa ai Binta ta zaga duniya a jirgin ruwa. Gari ɗaya na taka, na awa biyar. Ayishetu ko wannan ba ta samu ba, kuma har muka rabu a tashar jirgin ƙasa ba ta taɓa goranta mini ba.