Yadda Na Saci Zinaren Hajiya Ina Tsakiyar Noma a Tarka

Shekara biyu na yi ina tsaron ƙofar wani babban attajiri a Kano. Ƙofar ta fallen katako ce, bayanta kuma babu gida.

Ku da kuke ɗokin tafiya, ku saurara. Akuyar innata aka sayar aka yi mini kuɗin mota. Na je da takardar lakwal, wato ta makarantar boko, na ƙare a dako wurin masu shirin talabijin, irin mai dogon zangon nan da ba ya ƙarewa. Suna kiran wurin "lokeshan", wato kangon da ake yini da yunwa. Ran nan darakta ya dube ni ya ce, "Ɗan Nijar, kana da fuskar gadi." Na ɗauka yabo ne. Suna ma bai wahalar da kansa ba, ya bar mini nawa: Isuhu mai gadi.

Da hadari ya fara haɗuwa na ce, "Yallaɓai, zan je gida shuka, sai bayan girbi."

"Shuka? A tsakiyar sizin?"

"Ruwa bai san sizin ba, yallaɓai."

"Je ka. Mu mun san yadda ake yi da wanda ya ɓace."

Sun sani kuwa. Wani su kai shi karatu Masar, wata su kwantar da ita asibiti wata shida. Na zaci ni ma za a tura ni Umara.

Da na isa Tarka, na tarar ana shirin ba ni makullin bankin hatsin garinmu, don ni ne mai karatu. Muna zaune gaban talabijin ɗin mai shago, har da Baba Mamman shugaban kwamiti, sai ga Hajiyar shirin tana kururuwa: Isuhu ya kwashe zinare ya gudu Nijar.

Kowa ya juyo.

"Wasa ne, Baba," na ce. "Zinaren ma roba ce."

"Ashe ka taɓa shi, ɗana," in ji shi.

Aka ce maganar makulli a dakata tukuna.

Gero na shiga rumbu na koma Kano. "Yallaɓai, ka ɓata mini suna a gida. Ka gyara."

"Ai mun gyara. 'Yan kallo sun yi kewar mai gadi, mun wanke shi tas. Sati mai zuwa za ka gani."

"Ba tare da ni ba?"

"Kana gona."

Na dawo, na tara kwamiti gaban talabijin, na sayi shayi. Alhajin shirin ya durƙusa yana hawaye: "Isuhu, ka yafe mana, direba ne ya sata." Isuhun da ake roƙo wani gajere ne, fari, da tumbi.

Baba Mamman ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wannan kam mutumin kirki ne, ana gani a fuska."

Makullin yana hannun ƙanen mai shago.