Ƙararrawar Ɗakin Sanyi

A tashar bas ta Grimsby, wata dattijuwa mai shagon kifi ta tsare wani ma'aikacin tarho da ido.

"Ku ne masu cire tsofaffin wayoyi, ko? Ku sayar da tagullar, ku ce ci gaba."

"Aiko mu ake yi, Iya. An sauya layinki?"

"Jikana ya sauya mini. Wa zai bar ku ku shigar masa shago? Da, injin ɗakin sanyina na tsayawa ƙararrawa za ta bugo mini waya. Yanzu tsit, sai barci."

"Ya haɗa ƙararrawar da sabon layin?"

"Ina ruwanka da kifina?"

Sai kuma ta miƙe tsaye.

"Tashi mu je ka duba. Amma hannunka a aljihu."